Zagaye na Goma Sha Bakwai

Malam Azariya ya koyar da lissafi shekara talatin da biyar a makarantun sakandaren Kafanchan da kewaye, kuma a duk tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa ganinsa a fili ranar wasannin makaranta. Ranar da ɗalibai suka fita da ganguna da tutoci, shi yana ofishin malamai da jan biro, yana duba takardu cikin natsuwar mutumin da aka bar wa gini shi kaɗai. Ra'ayinsa game da gudu gajere ne: in ba wani abu ne ya biyo ka ba, ka yi tafiya kamar mai hankali.

Sai Ubangiji, wanda ba ya neman shawarar malaman lissafi, ya ba shi 'ya mai gudu.

Yemima ce autarsa. Ta ci gudun makaranta, bai je ba. Ta ci na ƙaramar hukuma a filin wasan gari, tafiyar minti goma daga ƙofar gidansa, ranar yana taron dattawan ikilisiya. Ta je Kaduna ta dawo da kofi, ya ɗaga kofin ya duba ƙarƙashinsa, ya ajiye, ya tambaye ta nawa ta ci a kimiyya. Da ta bar gurbin da ya samo mata a makarantar koyon jinya ta tafi sansanin 'yan gudu a kan tsaunukan Filato, bai kore ta ba, bai ɗaga murya ba, don dattijon ikilisiya ba ya irin wannan. Ya dai daina tambaya. Shekara huɗu gaisuwarta tana zuwa masa ta wayar uwarta, Mama Tamar, amsarsa kuma tana komawa ta hanyar da gaisuwar ta zo.

Wata Talata cikin Agusta, yana zaune a baranda da rediyonsa, Mama Tamar ta miƙo masa waya.

"Yemima ce. Ta ce kai take so."

Ya san inda take. Duk unguwar ta sani: tana wani birnin Turai, cikin tawagar ƙasa, a babbar gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya.

"Dadi, ina wuni."

"Lafiya lau. Yaya wajen naku?"

"Da sanyi kaɗan. Dadi, nawa gudun ranar Asabar ne. Ƙarfe huɗu da minti ashirin, agogon gida. Mita dubu goma, zagaye ashirin da biyar. Za a nuna a tashar wasanni. Ba ka taɓa ganina ina gudu ba. Ka kalle ni sau ɗaya. Ba sai ka ce komai ba. In na gama zan kira."

"Zan kalla," in ji shi.

Malam Azariya ba ya cewa zai yi abu don a rabu lafiya. Tun daga wannan yammacin ya tsara komai a ransa. Zai rufe ƙofar falo, daga shi sai matarsa, ya zauna rabin awa ya ga 'yarsa, in ta kira ya ce mata, "Na gan ki." Kalmomi uku ne, amma ya san nauyinsu, ya kuma san ba zai iya furta su ba sai in gaskiya ne. Har ya gwada faɗarsu sau biyu a bayan gida, inda ba mai ji sai masara.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne ranar Laraba ake Zumuntar Mata, kuma a Zumuntar Mata akan ba da shaida. Mama Tamar ta ba da tata.

Kafin ƙarfe uku na Asabar an kafa rumfa a tsakar gidansa, an kwaso kujerun roba daga coci, an fito da talabijin baranda an ɗora a kan teburin cin abinci, janareto yana ƙara a gindin mangwaro. Mata sama da talatin suka iso cikin anko, da tulunansu na kiɗa da caki, shugabarsu Mama Magdalene tana gaba, mace mai muryar da ba ta taɓa buƙatar lasifika ba. Yayan Mama Tamar, Silvanus, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya zo da kujerarsa ta katako don ba ya yarda da roba. Gershon mai bidiyo ma ya zo, ba wanda ya gayyace shi. Shi ne ke ɗaukar duk bikin aure da jana'iza da godiyar kaka na unguwar, kuma ya ce abin tarihi irin wannan ba a barinsa ba a ɗauka ba. Ya kafa kamararsa tana kallon masu kallo.

Malam Azariya ya zauna a layin gaba da tabarau da littafin rubutu da biro. Ba falon da ya tsara ba ne, amma allo ɗaya ne.

Mama Magdalene ta buɗe da addu'a. Ta roƙa wa Yemima ƙarfin ƙafa, ta roƙa wa janareto lafiya, ta roƙi hadarin da ke taruwa ta wajen Kagoro ya jira har shida. Aka ce amin.

Ƙarfe huɗu da kwata aka nuna 'yan gudun a layi, mata ashirin da shida. Kamara ta tsaya a kan wata 'yar Kenya, ta yi murmushi ta ɗaga hannu. Ta tsallake uku ta tsaya a kan 'yar Habasha. Ta tsallake biyar ta tsaya a kan wata Baturiya mai kitso biyu, 'yar ƙasar da ake gasar, filin ya ɗauki ihu. Daga nan sai aka koma sama, aka nuno su kamar tururuwa a bakin faranti.

"Mai kamarar nan ya tsallake mutane," in ji Gershon, cikin muryar wanda ya ga an zubar da mutuncin sana'arsa. "Kun gani? Bai gama layin ba."

"Ga ta can, mai kore," in ji wata daga baya.

"Wannan ba tamu ba ce," in ji Silvanus. "Ba mu kaɗai Allah ya ba kore ba."

Bindiga ta tashi. Zagaye uku na farko duk suna dunƙule wuri ɗaya, kamara kuwa tana gaba tana kallon fuskokin na gaba. A bayansu sai kawuna masu hawa da sauka. Malam Azariya ya miƙa wuya, ya cire tabarau, ya mayar. Wataƙila ɗaya daga cikin kawunan nan nata ne. Amma shi mutum ne da bai taɓa ba da maki a kan wataƙila ba. Ya ja layi a littafinsa duk lokacin da lambar zagaye ta canza a kusurwar allo.

A zagaye na huɗu, tseren ya ɓace. Aka nuno wani Bature mai gemu riƙe da doguwar sanda, yana shafa hoda a hannu. Ya shafa, ya hura, ya sake shafawa. Ya juya ya roƙi jama'ar filin su tafa masa, suka tafa. Ya sheƙo a guje, ya dogara sandar, ya tashi sama, ya sauko tare da ƙarfen da aka ce ya tsallake. Aka sake nuna faɗuwar a hankali. Aka sake nunawa daga gefe. Aka nuna matarsa ta rufe fuska.

"Wannan ya faɗi, an nuna shi sau uku," in ji Mama Magdalene. "Yarinyan mu tana kan ƙafan ta, ko sau ɗaya. Wane irin aiki ne haka?"

"Ba su koyi aikin a hannun kowa ba, Mama," in ji Gershon. Ya bar kamararsa ya matso gaba, ya ga dama ta samu. "Aikin kamara adalci ne. Layi-layi ake bi. Auren da na yi a Kwoi watan jiya, mutum ɗari huɗu, ba wanda bai fito ba, har tsohuwar da ta yi barci a kujera. In ka bar gwaggo ɗaya, wallahi sai an dawo maka da aikinka har gida. Wannan mutum ashirin da shida kawai aka ba shi."

"To kai ba ka da lamban su? Ai aikin ku ɗaya."

"Mama, Turai ne."

"Turai ba su da waya?"

A Kafanchan, in mai bidiyo ya manta da naka, tashi ake yi a ja shi a riga, a nuna masa da baki, a ce, ɗauki Mama. Kowa a rumfar nan ya taɓa yi, kuma ba a taɓa ƙi ba. Sau biyu Mama Magdalene ta yunƙura daga kujera kamar za ta je ta yi hakan, sau biyu ta tuna babu rigar da za ta ja, ta zauna tana gyara ɗankwali.

Aka dawo kan tseren na rabin zagaye, sannan aka tafi talla. Wani iyali masu haƙora farare suka kewaye tukunyar miya suna murna kamar an yi musu albishir. Bayan su sai maza uku cikin kwat a ɗakin tashar, suna nazarin gudun maza na mita ɗari da za a yi gobe. Ɗayansu ya tuna cewa akwai 'yar ƙasa a tseren da ake yi yanzu, ya duba takarda bai sami sunan ba, ya ce dai yarinya ce, ta je ta ga yadda ake yi.

"Shi da tumbin nan ya taɓa ganin yadda ake yi?" in ji Silvanus. "Farfesa, kai ka yi shiru. Ba ka da ra'ayi?"

"Ina ƙirga, Yaya."

"Ƙirga me? Tukunya?"

Malam Azariya ya ci gaba da ƙirgarsa. Yana bin agogon hannunsa, yana jan layi duk bayan daƙiƙa saba'in da biyar, domin a hakan ne ya ga na gaba suna kammala zagaye kafin a ɗauke su. Da aka dawo fili, layukansa da lambar allo suka zo daidai. A wata rana da wannan ya faranta masa rai.

Yanzu dunƙulen ya watse. Mata biyar ne a gaba, su kaɗai kamara ta sani. Da suka kai rabin tseren, sai jerin sunaye ya fito a gefen allo da ƙananan haruffa, ya tsaya kamar daƙiƙa huɗu. Jama'ar rumfa suka fara karantawa daga sama, ba su kai na shida ba ya ɓace. Malam Azariya kuwa shekara talatin da biyar yana karanta sakamakon jarrabawa daga ƙasa, don a can ake samun yaran da iyayensu za su zo ofis. Ya ga sunanta. Ta ashirin da huɗu. A gefen sunan an rubuta tazarar da ke tsakaninta da ta farko: daƙiƙa hamsin da takwas.

Hannunsa ya yi lissafin kafin ya ba shi izini. Na gaba suna zagaye a daƙiƙa saba'in da biyar. Ita tana asarar kusan biyar a kowane zagaye. In aka ci gaba haka, tazarar za ta cika zagaye guda, wato na gaban za su zagayo su tarar da ita ta baya. Ya raba, ya ja layi biyu a ƙarƙashin amsar kamar yadda yake koya wa yara. Ƙarshen zagaye na goma sha bakwai.

Ya daɗe yana kallon lambar. Kamarar nan ba za ta koma baya neman kowa ba, wannan ya riga ya tabbata. Tana bin mata biyar ne kawai, duk inda suka je. Ke nan hanya ɗaya ce ta rage da zai ga 'yarsa: sai in waɗannan biyar ɗin sun cim mata sun wuce ta a gaban duniya. In ta ƙara sauri ta tsere musu, ba zai gan ta ba. In ta gaji ta fita daga fili, ba zai gan ta ba. Malam Azariya, dattijon ikilisiya, ya sami kansa yana fatan lissafinsa ya fito daidai, ya kuma ji kunyar fatan.

"A jirgi," in ji Silvanus, ga duk mai son ji, "ba a cewa ya wuce tasha sai an ga taragon ƙarshe da jar fitilarsa. Ni na zauna a taragon nan shekara ashirin. Waɗannan da an ba su tasha, kan jirgin kawai za su rubuta, su bar fasinja a daji."

"Gaya musu, Baba," in ji Gershon.

A zagaye na goma sha biyar aka sake ɗauke tseren. Aka nuno wata ƙatuwar mace tana jifa da mashi. Aka nuno mashin yana tafiya a sama, shi kaɗai, kamar yana da dangi a gida masu jiran ganinsa. Aka nuno yaro a cikin 'yan kallo da tuta a kumatu yana cin burodi. Malam Azariya ya duba agogonsa. Ya ja layi na goma sha shida. Bai san lokacin da ya fara motsa baki ba, kuma da an tambaye shi me yake roƙo, da ya rasa yadda zai faɗa a gaban Zumuntar Mata.

Aka dawo.

Biyar ɗin suna shan kwana, kamara tana gefensu. Suka miƙe a doguwar hanyar da ke zuwa layin ƙarshe, sai hoton ya canza, aka ɗauko su daga gaba, daga nesa. A gabansu, ita kaɗai, ta cika rabin allo, ga wata siririyar yarinya cikin kore da fari, sunanta a ƙirji da manyan haruffa.

Rumfar ta fashe.

"Ita ce a gaba!" Mama Magdalene ce, tana tsaye, hannuwa a sama. "Ta wuce su duka. Yesu, na gode."

Guɗa ta tashi daga layin baya, tuluna suka amsa, caki ya shiga, wata ta ɗauko waƙar yabo sauran suka karɓa. Kujeru biyu suka kife. Mama Tamar ta zame daga kujerarta ta durƙusa a ƙasa. Gershon ya ruga ya kama kamararsa, yana cewa, "Yanzu ya yi aiki, yanzu ya yi aiki."

Malam Azariya bai ji komai ba. Yana kallo.

Ta rame fiye da yadda ya sani. Bakinta a buɗe, wuyanta duk jijiya. Hannunta na hagu ba ya buɗewa kamar na dama, tana riƙe shi kusa da haƙarƙari, hannun da ta karye tana 'yar shekara takwas, wanda shi da kansa ya riƙe a bayan babur har asibiti. Ƙafafunta kuwa bai san su ba sam. Suna taɓa ƙasa suna barinta kamar ƙasar tana da zafi, a tsare, ba gaggawa, kowane taki daidai da ɗan'uwansa. Bai taɓa zaton jikin mutum yana iya yin abu a tsare haka ba.

Ya ga ta ɗaga ido sama, inda babban allon filin yake. Ya ga ta ga kanta, ta ga waɗanda ke bayanta. Fuskarta ba ta canza ba. Ta ɗan matsa dama, rabin taki, ta bar musu hanyar ciki.

Ta farko ta wuce. Ta biyu da ta uku suka wuce tare. Ta huɗu. Ta biyar. Sai Yemima ta koma ciki ta manne a bayan ta biyar ɗin, ta ɗauki saurinsu, wanda ba nata ba, ta riƙe shi har suka shiga kwana, har tsakiyar kwanar. Daga nan tazara ta buɗe kamar tafin hannu, ta zama kamar tabarma, gefen allo ya zo ya yanke ta.

Ya duba agogo. Daƙiƙa goma sha tara.

Waƙar ta rikice ta koma gardama.

"Sun haɗa mata kai. Biyar a kan mutum ɗaya."

"Gajiya ne. Tun ɗazu ita kaɗai take jan su."

"Shi ya sa ba mu gan ta ba," in ji Mama Magdalene, wadda ta gano bakin zaren gaba ɗaya. "Ta yi nisa ne. Kamaran bai kai wurin ta ba."

"Yana faruwa," in ji Gershon. "In amarya ta yi sauri, sai ka ga kana ɗaukar ƙawaye."

Silvanus ya karkato kujerarsa ta katako, ya rage murya.

"Farfesa. Ba zagayo ta suka yi ba?"

"Zagayo ta suka yi."

"Za ka gaya musu?"

Shekara talatin da biyar Malam Azariya bai taɓa barin amsar da ba daidai ba ta fita daga ajinsa da ƙafarta ba. Ya juya ya dubi matan, sun yi gumi cikin ankonsu, wasu sun rufe shaguna tun azahar, wata ta taso daga Godogodo a kan babur da tulunta a cinya. Ya buɗe baki. Ya mayar da ido kan allo, ko za a sake nuna ta.

Ba a sake ba. 'Yar Habasha ta ci, ta faɗi ta sumbaci ƙasa, aka yafa mata tuta. Aka nuna takunta na ƙarshe a hankali, daga gaba, daga gefe, daga sama. Aka tsayar da ita ana mata tambayoyi tana haki, a bayan kafaɗarta kuwa wasu ƙafafu suna ta wucewa a dushe, ba fuska, ba launi. Aka fito da sakamako, sunaye takwas. Aka koma wurin masu kwat, su kuma suka koma kan gudun gobe.

"Sauran sha takwas ɗin fa?" in ji Silvanus. "Sun shiga rami?"

Ana haka aka fara fito da paten acha da kunu, kuma Mama Magdalene tana tsara yadda za a ba da shaidar gobe a sujada.

Malam Azariya ya bi matarsa kicin. Ya same ta tana zuba pate a kwanuka, idanunta jajaye.

"Tamar, akwai abin da ya kamata ki sani. Yarinyar nan ba ita ce a gaba ba. Waɗancan sun riga ta da zagaye guda, sun zo ne ta—"

"Na sani, Malam."

"Kin sani?"

"Sau biyu na je Kaduna na kalle ta. Na ga tana yi wa 'ya'yan wasu haka. Na san yadda ake zagaye mutum."

"To me ya sa kika durƙusa?"

Ta ajiye ludayin ta dube shi kamar ɗalibin da ya yi tambayar da aka amsa tun farkon zango.

"Wata goma sha ɗaya ban ga fuskar 'yata ba." Ta miƙa masa kwanuka biyu. "Kai wa Yaya. Matan kuma ka bar su su ci abinci tukuna. In gyara ne, gobe ma rana ce ta gyara, ni zan yi wa Magdalene bayani kafin ta hau bagade."

Wajen shida saura, rana ba ta faɗi ba, wayar Mama Tamar ta yi ƙara a ƙugun zaninta. Ta duba, ta zo ta sa masa a hannu kafin Mama Magdalene ta lura. Ya zagaya bayan gida, ya wuce tankin ruwa, ya tsaya a bakin 'yar gonar masararsa.

"Mama?"

"Ni ne."

"Dadi." Muryarta a shaƙe, kamar ta mai mura. "Ka kalla?"

"Na gan ki."

Kalmomin suka fito ba kamar yadda ya gwada su ba, sun fi ƙanƙanta. Amma sun fito, kuma ba ƙarya a ciki.

"Sun nuna ni? Wani a nan ya ce ba su cika nuna na baya ba."

"Sun nuna ki. Daƙiƙa goma sha tara."

"A ina?"

Zai iya cewa a tsakiya. Zai iya cewa bai lura ba.

"Ƙarshen zagaye na goma sha bakwai."

Ta can yana jin hayaniyar fili da wata murya a lasifika, ta nan yana jin tuluna sun sake tashi.

"Wurin da suka wuce ni," in ji ta.

"Nan ne."

"Shekara huɗu, Dadi. Minti talatin da uku na yi a filin nan. Wannan ne kawai suka ga ya dace ka gani."

"Masu kamarar ba su da tarbiyya. An tattauna wannan sosai a nan, Gershon zai ba ki cikakken bayani." Ya gyara murya. "Na ga kin ba su hanya. Na kuma ga kin bi su har tsakiyar kwana. Wannan bai cikin lissafina."

Ta yi wani sauti, tsakanin dariya da abin da ba dariya ba.

"Koci ya ce wauta ce. Ya ce na biya kuɗinta a zagaye uku na gaba." Ta ja hanci. "Wace waƙa ce nake ji haka?"

"Zumunta ce. Sun ce ke kika ja duniya tun daga farko, kamara ce ta kasa kamo ki."

Wannan karon dariyar ta fito sosai, har ta koma tari.

"Ba ka gyara musu ba? Kai?"

"Mamanki ta ce a bari su ci abinci." Ya ɗan jira tarin ya lafa. "Yemima, kin gama? Ba su nuna ba."

"Na gama. Ta ashirin da ɗaya. Uku sun fita, na wuce biyu a ƙarshe. Talatin da uku da daƙiƙa sha biyu. Ban taɓa yin irinsa ba."

Ya rufe ido ya raba da ashirin da biyar.

"Saba'in da tara da ɗigo bakwai a kowane zagaye."

"Haka ne," in ji ta a hankali. "Kusan haka."

Akwai wani bulo da ya rage tun ginin tankin. Ya share shi da tafin hannu ya zauna, ya buɗe littafin a kan gwiwarsa, inda layuka ashirin da biyar suke a jere ba komai a gabansu sai guda ɗaya.

"Kina da lokaci?"

"Motar masauki sai nan da rabin awa."

"Ya isa. Ina da na goma sha bakwai. Sauran ashirin da huɗun ba su ba ni ba." Ya cire murfin biro da haƙori. "Fara daga na farko. A ina kika tsaya a layin?"

"Can waje, ta biyu daga ƙarshe," in ji Yemima. "Kusa da wata doguwa 'yar Japan. Tun kafin a harba bindiga ta taka min ƙafa, ta juyo ta ba ni haƙuri har sau biyu."

"A hankali," in ji shi. "Ina rubutawa."